Hular Baba Mai Kama Cokali

Likitan Kano ya nuna wa yayana Fahad hoton kan Baba, ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, kuma shi yake danne masa jijiyar ido. Idan ba a cire ba kafin ƙarshen damina, Baba zai makance. Aka sa ranar aiki. Baba ya dawo Azare ya ce ba za shi ba.

Ba wuƙa yake tsoro ba, hula ce damuwarsa. Tun da ya yi aure babu wanda ya ga kansa a buɗe sai wanzami, shi ma a zaure, ƙofa a rufe.

"In kwanta kai tsirara gaban 'ya'yan mutane?" in ji shi. "A bar ni da ƙarina."

Maƙwabcinmu Chidozie, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya zo dubiya. A Azare aka haife shi, tare suke hira da Baba kullum. Ya ce ya ji a rediyo wai Turawa na gwada taɓa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ta waje, ba yanka.

"Ta kan hula?" Baba ya tambaya.

"Malam Bappayo, gwaji ne fa, su ma ba su gama ba."

"Sai mu gama musu."

Chidozie ya yi ta kaucewa, amma Baba ya dame shi har ya ciro maganaɗisun manyan lasifikoki. Ni aka sa na ɗinke su a cikin hula, allura tana maƙalewa ina ɓamɓarowa.

Ciwon kai bai ragu ba. Idan Baba ya sunkuya zai ci tuwo, cokalin miya sai ya tashi ya manne masa a goshi. Kaset ɗin wa'azinsa duk suka koma shuru. Ya leƙa talabijin ɗin maƙwabta, fuskar mai karanta labarai ta zama koriya. Inna ta daina neman makulli, sai ta ce, "Murja, je ki dubo kan babanki."

Baba ya ce ai alamar ƙarfin magani ke nan. Amma ni na ga yana laluben buta alhali tana gabansa.

Ana gobe ranar aiki, Inna ta ari wayar salula ta kira mahaifinta, kakanmu Alhaji Hammawa, a Katagum. Da safe ya iso, ya ce za shi Kano duba sirikinsa a asibiti. Baba yana tsaye a gabansa, amma kunya ta hana shi cewa ya fasa. Ya dai ɗauki jakar Kaka ya raka shi tasha, ni da Fahad muna biye.

Kaka ya shiga bas ya zauna. Baba ya zura kai ta ƙofa zai ajiye jaka, sai muka ji ƙas. Hula ta kama rufin mota.

Ya ja, kai ya fara zamewa daga cikin hular. Nan da nan ya mayar. Tasha cike da mutane, ga sirikinsa yana kallo.

"Malam, ko ka shiga ko ka fita," in ji direba.

Baba ya tura hular a hankali tana gogar rufi, har ya kai kujera. Zama bai yiwu sosai ba, don kujerar ta yi ƙasa, sai da aka sa masa buhun gero. Muka shiga, mota ta tashi.

"Ashe tare za mu," in ji Kaka. "Madalla."

"Ranka ya daɗe," Baba ya amsa, wuyansa a miƙe.

Duk ramin da muka faɗa, sai ya dafe hular da hannu biyu. A Jama'are wata mata ta roƙi a bar ta ta ajiye almakashinta a jikin hular kada ya ɓace.

A Kano fasinjoji suka sauka, direba ya kai mu har ƙofar asibiti. Likitan ya fito ya leƙo cikin bas, ya daɗe yana kallo. Fahad ya yi masa bayani tun daga farko.

"Baba, wannan hular ba ta taɓa ƙarin ba ko kaɗan," in ji likita. "Kuma wa ya ce za a ga kanka? Da zane muke rufewa, sai ɗan wurin da za mu yi aiki. Kana farkawa za ka tarar an naɗe shi da bandeji har kunne."

"Fari?"

"Fari tas."

Baba ya gyara zama a kan buhun. "To me ya hana a faɗa mini tun farko?"

Kaka ya warware rawaninsa ya miƙo ba tare da ya dube shi ba. Muka juya baya gaba ɗaya, har direba. Da muka waiwayo Baba ya riga ya sauko, kai a naɗe, ya kama hannun likita suna tafiya. Na ji yana ce masa, idan an zo naɗa bandejin, a ɗan karkata shi dama.