Kamun Armaya'u

"A ƙara turawa!" in ji Armaya'u, ko da yake shi kansa ya ji ƙarar da katakon ya yi a jikin bango. Rabin kabad ɗin yana cikin kicin, rabi yana tsakar gida. Maƙwabtan da suka taya shi sauke shi daga a-kori-kura suka saki, kowa ya shiga share gumi don kada a ga dariyarsa.

Armaya'u malamin gona ne a Safana, gajere, mai son a ce ya iya lissafi. Tun ranar da Hajiya Zuwairatu, yayar matarsa Ramlat, ta zo gidansu a Tsaskiya daga Katsina ta leƙa kicin ɗinsu ta ce, "Ashe har yanzu a ƙasa kuke jera tukwane?" maganar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya rantse ba za ta sake taka gidan ba sai ta tarar da kabad irin na birni. Yau kuwa tana hanya.

Da ya je Batsari wajen Sammani kafinta, wani dogo da sai ya sunkuya yake shiga shagonsa, ya ji farashi, sai da ya nemi wurin zama.

"Malam, abin hawa-hawa ne," in ji Sammani. "Katako mai ƙwari da filawud ba ɗaya ba ne. Ga mabul na sama, ga mariƙai, ga fenti. Ga kuma hanyarku da ke cin mota."

Nan Armaya'u ya nuna gwaninta. Ya soke mabul, ya ce Ramlat ba ta son abu mai sanyi. Ya zaɓi filawud, ya ce garar Tsaskiya ta san shi, ba za ta ci masa katako ba. Da aka zo kan kuɗin mashin da kafinta zai hau ya je ya auna ɗakin, sai ya yi dariya. A biya mutum don ya kalli bango? Ya koma gida ya auna da kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, yadda kakansa ke auna zane, ya buga waya ya ce kamu bakwai. Har ya ba abokan ofis labarin wannan dabara.

Yanzu ya koma gindin darbejiya ya kira Sammani, yana ƙoƙarin sa fushi a muryarsa.

"Kamu bakwai na ce maka!"

"Bakwai na yi, Malam, wallahi. Tef ɗin awona ba shi da kamu, sai na auna da hannuna."

Armaya'u ya dubi ɗan hannunsa, ya tuno na Sammani mai kama da tabarya. Duk tsawon shekarun da aka yi ana kiransa Gajere bai taɓa yarda ba, sai yau da katako ya ba da shaida. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Araha dai ba ta ado.

"A yanke shi mana," ya ce a hankali.

"Wannan filawud ɗin da ka zaɓa? Yana jin zarto zai rugurguje."

Bai ajiye wayar ba ya ji sallama a zaure. Hajiya Zuwairatu ta shigo, aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen Katsina, idonta kuwa na kan abin da ya toshe ƙofar kicin. Armaya'u ya ji da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Ramlat ce ta fito da tabarma, fuskarta ko gezau.

"Yaya, kin ga aikin Malam ko? Cewa ya yi kicin ɗin ya yi mini kaɗan, shi ya sa ya fara sayo kabad, a faɗaɗa ɗakin daidai da shi."

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Lallai kin yi dacen miji."

Armaya'u ya yi murmushin mutumin da aka yabe shi da gini, alhali ko buhun siminti bai tanada ba. Da baƙuwar ta shiga ɗaki, ya zagaya bayan kicin, ya naɗe hannun riga, ya ɗora gwiwar hannunsa a bango.

"Malam," Ramlat ta ce daga bayansa, da ƙaramar murya. "Don Allah ka bar magini ya zo ya auna da kansa."

Ya sauke hannun rigarsa.