Tsayuwar Marasa Aiki

Lubor na cikin jera kujeru a zauren silima na gari sai ga Ota ya shigo rungume da majigi, yana haki.

"Ƙara layi biyu a baya," in ji Ota. "Yau kowa zai zo."

"Za su zo mana, tunda ba wanda ke da wurin zuwa."

Ota ya yi kamar bai ji ba. Shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikatan kamfanin gilashi, kuma tun suna makaranta Lubor ya san halinsa: in ya ƙulla abu a ransa, ko bango ne ya tare shi sai ya yi masa jawabi. Dabararsa ta yau ita ce a nuna tsohon fim ɗin nan da aka ɗauka a garinmu zamanin gurguzu, labarin ma'aikatan lokacin kakanninmu da aka kora, suka sha yunwa, idonsu ya buɗe, suka ɓalle ƙofar kamfani. In ran mutane ya tashi, sai a zarce daga zaure a tare ƙofa, a hana kashe tanderu da yamma.

Ko yaro a garin nan ya san tanderun narka gilashi ba a kashe shi. Dare da rana yake ci, har ranar Kirsimeti. In ya huce, gilashin cikinsa ya daskare, tubalin ya tsage, to kamfani ya mutu ke nan. Masu kamfani sun ce tsadar gas ta fi ƙarfinsu. Al'adarmu kuma, wanda ya fi kowa daɗewa a bakin wuta shi ke rufe ta. Lubor ke nan, wanda ya fara busa gilashi tun gemu bai fito masa ba.

"In kai ka ƙi murɗa dabaran gas, ba mai taɓawa," in ji Ota.

"Za su turo wani yaro daga Prag, babban birni, da farar hular kwano ya murɗa."

"To ya zo ya same mu a ƙofa."

 A ransa Lubor yana so ya yarda, so mai tsanani, har yana jin kunyar kansa.

Zaure ya cika maƙil. Aka kashe fitila, ga ƙofar kamfaninmu a bango, ga taron mutane cikin yagaggun riguna. Mu ne. Shekara arba'in da wani abu da suka wuce aka kwaso ma'aikata aka ce su fito a matsayin marasa aiki. A lokacin kuwa zaman banza laifi ne, 'yan sanda ke ɗauke mutum, don haka ba wanda ya taɓa ganin marar aiki da idonsa. Darakta ya nemi a kashe tanderu na yini ɗaya don kada hayaƙi ya fito a hoto, aka yi masa dariya har ya haƙura ya karkata kyamara. Abin da bai haƙura da shi ba shi ne tsayuwarmu.

"Kwamared, kun tsaya kamar masu jiran bas!" haka yake ta ihu ta lasifika. "Ku saki kafaɗa! Hannu a aljihu, ido a ƙasa! Wai ba wanda ya iya tsayuwar marar aiki a garin nan?"

Ba wanda ya iya. Ƙarti ne cike da giya da naman alade, kumatu kamar burodi.

Lubor ya tsayar da numfashi, don ya san abin da ke zuwa. Kyamara ta bi taron a hankali ta tsaya kan wata budurwa da ta toshe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Duk wanda ya ga fim ɗin cewa yake kuka take. Jarmila ce, daga sashen zanen kofuna, kuma dariya take. Saurayin da ke gefenta, wanda kunnensa kawai ya fito, Lubor ne, shi ya raɗa mata cewa yunwar tsiren rana ce kaɗai yunwar da ya sani. Ta wannan dariya suka saba, suka yi aure. Hunturun bara waccan ya binne ta. Kewarta ta taso masa, ya riƙe hannun kujera.

Ba shi kaɗai ba ne. Da farko shewa ake.

"Ga babana can!"

"Ku dubi Kamil, ashe ya taɓa yin gashi."

"Gashin ma aro aka ba shi," in ji wani daga baya.

Sannu a hankali dariyar ta janye, don kusan duk fuskar da aka nuna a maƙabarta take yanzu. Jarumin fim ya hau ganga yana jawabi, jijiyar wuya a waje, ba mai sauraronsa. Kowa bayan jarumin yake leƙe, yana neman nasa. Tsohuwa Vlasta ta ɗaga sanda cikin duhu.

"Ota, ɗan mayar da shi baya. Ban ga mijina da kyau ba."

"Inna, nan ne fa wurin da ya fi muhimmanci."

"A wurinka. Mayar."

Ya mayar. Sau biyu ma.

A ƙarshe aka ɓalle ƙofa, kiɗa ya tashi, tuta ta cika bango. Fitila ta dawo. Ota ya haye dandamali.

"'Yan'uwa, kun ga yadda kakanninmu suka yi. Sai ƙofa."

Ba wanda ya motsa. Mata na share ido, maza na kallon takalmansu. Kamil mai sanƙo ne ya yi magana, ba da gatse ba.

"Ota, su nasu mai kamfanin yana taga da ƙaton ciki da taba a baki. Mu namu wa ya taɓa ganin fuskarsa? In mun tare ƙofa, wa muka tare?"

Ota ya buɗe baki. Karo na farko tun suna yara, Lubor ya ga jawabi ya ƙare masa. Ya nemi idon Lubor cikin taron. Lubor ya tashi ya ɗauki hularsa. In dai za a rufe wutar, gara hannun da ya san ta.

Sun bi shi kuwa, dukansu, amma ba irin bin da Ota ya so ba. Tafiya suke a hankali, kamar masu raka gawa. A ƙofar kamfani suka tsaya, ya shiga shi kaɗai.

Tanderu na ruri yadda ya saba, bakinsa fari fat don zafi. Lubor ya tsaya har gumi ya tsattsafo masa. Ya ɗora hannu kan dabaran gas, ya ce wa wutar, "Kin yi ƙoƙari, tsohuwa," ya murɗa. Rurin ya ragu, ya ɗauke. Bai taɓa sanin cewa wannan ƙara ce ke cike kunnensa duk rayuwarsa ba sai da ta tafi. Ya jingina da bango ya yi kuka mai isarsa.

Da ya fito sanyi ya fara sauka. Ba wanda ya tafi gida.

"Ka murɗa?" in ji Ota.

"Na murɗa."

Lubor ya dubi mutanen garinsu a bakin ƙofar nan, daidai inda aka taɓa jera su. Kafaɗu a sake, hannu a aljihu, ido a ƙasa, ba tare da wani ya ce su yi ba.

"Ota, dube mu," ya ce a hankali. "Da daraktan nan na raye, yau ba sai ya yi ihu ba."

Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Can gefe wata mata ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Ya daɗe yana kallonta. Kuka take.