Juma'ar da Kyamara Ta Juya da Kanta

Tun da aka kwashe shanun noma a ƙauyuka biyu na gabas da Bagwai, mutanen Kanyar Liman suka daina ɗaure bijimansu gida-gida. Suka tara su a garke ɗaya bayan gari, guda ashirin da uku, kowanne da turkensa, maza na gadi bi da bi. Rana ɗaya ce tak garin ke zama ba maza, wato Juma'a, idan kowa ya hau babur ya nufi masallacin Bagwai. A ranar gadi na Baba Ɗanasabe ne. Shi Kirista ne, tsoho, 'ya'yansa duk suna Kano wurin aiki, kuma wannan tsari ya girmi garken kansa: Juma'a ya duba dabbobin maƙwabta, Lahadi su duba nasa.

Kyamarar da ke kan dogon ƙarfe a bakin garken kuwa aikin Ramlat ce, 'yar Malam Yahya, malamar firamare. Ta yi difloma a Kano ta dawo da wata tsohuwar kwamfuta da sai an ɗaure murfinta da roba. Wanda ya leƙa ɗakinta sai ya rantse shagon mai gyaran rediyo ya shiga. Abin da ta iya ba a aji ta koya ba. A intanet ta koya, a wani zaure da ake kira Rumfar Linux, inda Hausawa masu son kwance inji ke koya wa juna manhajar nan da ba a saye, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. A nan ta koyi tayar da kwamfutar da aka ce ta mutu, ta koyi haɗa na'urori su yi magana da juna, ta koyi yadda ake kulle su.

A zauren akwai wani mai suna Malam Najib. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma shekara biyu yana amsa tambayoyinta ba ƙosawa, har waɗanda ita kanta take jin kunyar yi. Da ta faɗi maganar garken, shi ya tsara mata komai, har ya ba direban motar Kano wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu ya kawo mata, ya ce kyauta ce, ta sa shi a addu'a. Da ita ta haɗa kyamarar, ta sa mata farantin sola da batir, hoton garke ya riƙa fitowa a ɗakinta. Ranar da aka kunna, har mai unguwa ya zo ya ga bijiminsa yana tuƙa a cikin allo, ya ce ai duniya ta zo ƙarshe.

Bayan mako guda hoton ya fara yankewa. Malam Najib ya rubuto mata, "Malama, turo min makullin shiga, wato lambar sirrin na'urar, in duba miki saitin, kada ki yi ta shan wahala."

To, a saman zauren nan akwai doka ta farko, kowa ya shiga sai ya ci karo da ita: kada ka ba kowa makullinka, ko da mu ne. Ramlat ta haddace ta, ita ma ta sha faɗa wa sababbin shiga. Sau uku tana rubuta uzuri tana gogewa. Da wane baki za ta ce wa mutumin da ya koyar da ita shekara biyu, ya yi mata kyauta, ba ta yarda da shi ba? A gidan Malam Yahya ba a tarbiyyantar da ita haka ba. Wanda ya yi maka alheri ana yi masa kara ne, ko da ranka bai kwanta ba. Ta tura, da niyyar ta canja makullin kashegari. Kashegari kuma ta ga idan ta canja zai lura, wannan kuma ya fi ƙin bayarwar muni. Sai ta bar shi a haka, ba ta gaya wa kowa ba.

Mako biyar suka wuce. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, ana shirin huɗa, lokacin da manomi ya fi bukatar bijiminsa.

Ran wata Juma'a, bayan ƙarar baburan maza ta ɓace a hanyar Bagwai, Ramlat ta buɗe kwamfuta don ta ga ko hadarin kwana biyu ya rage ƙarfin batir. Hoton garke ya fito. Tana cikin kallo, hannunta na kan cinyarta, sai hoton ya motsa.

Kyamarar ta juya a hankali daga ƙofar garke zuwa hanyar da ta fito daga kwari, ta daɗe a can. Ta dawo ta bi bijiman ɗaya bayan ɗaya, yadda mai saye ke bi a kasuwar kara. Sannan ta tsaya a kan Baba Ɗanasabe, yana zaune gindin ɗorawa yana tufkar igiya, shi kaɗai.

Ba ita ke juya ta ba. Ta buɗe jerin da na'urar ke rubuta duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, jerin da a zaure ake cewa a riƙa dubawa kullum, ita kuwa ba ta leƙa ba tun da ta ba da makulli, don ba ta son ganin abin da zai sa ta zargi malaminta. An shiga da makullinta Juma'a biyar a jere, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. Ba wata rana ko ɗaya. Nan take ta canja makullin. Hoton ya ci gaba da juyawa. Malam Najib ya riga ya buɗe wa kansa wata ƙofar a ciki.

Ta kira babanta, a kashe. Ta kira kawunta, ta kira mai unguwa, duk a kashe. Liman ya hau mumbari. Ta zura hijabi ta fita da gudu ba takalmi, ko wayar wutar na'urar ba ta tuna ta zare ba.

Tsohon ya ɗago ya dube ta tana haki. "'Yar Yahya, lafiya?"

"Baba, ɓarayi na zuwa. Yanzu. Sun san kai kaɗai ne."

"Wa ya gaya musu?"

Ta nuna kyamarar. "Ta nan suke kallo. Ni na ba wani makullinta, Baba. Ni ce."

Ya ajiye igiyar da yake tufka. A saman ƙarfen kyamarar ta yi 'yar ƙara, ta juyo ta fuskance su. Wayar Ramlat ta yi motsi a hannunta. Saƙon Malam Najib ne, da sallamarsa da komai, kamar kullum: "Malama Ramlat, ki koma gida. Don mutuncin da ke tsakaninmu nake gaya miki."

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ce, "Baba, ka taso mu tafi. Ka bar su."

"Na ce wa babanki zan duba." Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki laujensa, ya miƙa mata wuƙar da yake gyara igiya da ita. "Ba za mu iya hana su shiga ba. Amma kowane sa ya san gidansu. Yanke igiya kawai, ki buge shi a gindi."

Ta buɗe ƙofar garke, suka fara yanka. Bijimin farko ya tsaya yana kallonta kamar bai yarda ba, sai da ta maka masa tafi ya fice. Na biyu ya bi shi, sauran suka ɗauka, suka faɗa cikin gero suna tattakewa, kowanne ya nufi gidan da ya tashi. Daga kwari ta fara jin gurnanin babbar mota tana hawowa a hankali cikin laka, da ƙarar babura biyu.

Bijiman Baba Ɗanasabe biyu suna nan daf da ɗorawar, taku uku daga inda yake zaune. Da ya so da su zai fara. Amma can ƙarshen garke ya tafi ya faro, ya bi na mutane ɗaya bayan ɗaya, ya bar nasa a ƙarshe. Lokacin da kan motar ya ɓullo, rufe da tamfol, saura uku a ɗaure: nasa biyu da jan bijimin Malam Yahya. Ya yanke wa jan, ya damƙa mata guntun igiyar.

"Bi shi. Ki yi ta ihu har mata su fito."

"Baba, kai fa?"

"Ki tafi, na ce."

Ta tafi. Bijimin na janta cikin gero, tana ihu, matan gari suka ga shanu na shigo musu gida ba mai kora, suka fito da taɓare da kwanoni suna kururuwa. Sau ɗaya ta waiwaya. Ta hango tsohon tsaye tsakanin bijimansa da mutum huɗu, laujen na hannunsa.

Kafin maza su dawo an gama. Ɓarayin sun sami garke wayam, ga kururuwa na matsowa, suka loda biyun da suka tarar suka juya. Sun karya wa Baba Ɗanasabe hannu a wuri biyu.

Bayan la'asar gari ya taru a ƙofar gidansa. Yana kwance a tabarma, maɗori ya ɗaure hannun da karan dawa. Ramlat na tsaye can baya cikin mata, sai sa mata albarka ake yi. Wannan ya ce ba don kyamarar 'yar Yahya ba da bana ba mai huɗa a garin nan, wancan ya ce a ƙara sayen guda biyu. Malam Yahya sai murmushi yake yana sunkuyar da kai.

Mai unguwa ya durƙusa kusa da tsohon. "Ɗanasabe, abin da ya ɗaure min kai, yaya aka yi suka san ranar, suka san lokacin? Ba ka ji sun ambaci sunan kowa ba?"

Tsohon ya juya ido a hankali har ya same ta cikin mata. Ya daɗe yana kallonta.

"Ban ji ba," ya ce. "Yarinyar nan dai ta zo a kan lokaci."

Nan take ta gane abin da ya yi. Kara ya yi mata, ita da babanta, irin wadda ta yi wa Malam Najib, kuma zai riƙe ta har ya mutu, ba bijimi, ba hannun riƙe garma. Kunya ta rufe ta. Ta ratsa mata, ta ratsa maza, ta zo ta durƙusa a bakin tabarmar, inda kowa zai ji.

"Baba," ta ce da mahaifinta, "ni na ba su makulli."