Layi na Huɗu

Layi huɗu ne kacal a mikisar Lurwanu, na'urarsa ta haɗa sauti, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakinsa na ɗaukar sauti a Diffa ya sha jin bayaninsu har ya gaji. Uku na makaɗa ne. Na huɗu nasa ne, ba ya ba kowa. Ta nan sauti ke dawowa daga rakoda zuwa kunnensa, don ya ji abin da ya shiga kaset da gaske, ba abin da yake fatan ya shiga ba. Allurar hagu ta rakodar, mai nuna ƙarfin sautin da ke shiga, ta mutu tun kafin ya sayo ta a Maiduguri, saboda haka ido ba ya gaya masa komai. Kunne ne kawai.

A shekarar 2001, lokacin da tattasai ya rufe bakin kogin Komadugu da ja, wata mata mai suna Ya Gana ta yi masa sallama. Mahaifinta, Ba Ajimi na Geskeru, shi ne mai algaitan da ya busa wa manoman kwarin nan tun ba a haifi Lurwanu ba. Tsohon zai tafi aikin Hajji, kuma ya yi rantsuwa cewa sau ɗaya ya rage masa ya busa, daga nan ya ajiye har abada. Da ƙyar ta shawo kansa ya yarda busar ƙarshen ta zama a gaban makirfo. Ba a taɓa ɗaukarsa ba, ko sau ɗaya.

Lurwanu ya shirya kamar mai jiran baƙon sarki. Algaita ba ta san magana a hankali ba, in ta buɗe baki sai ta cika kowane makirfo da ke kusa. Don haka ya kai tsohon ɗakin ajiya na baya, ya ja masa doguwar waya, ya rufe ƙofa, ya jingina katifa a jikinta. Masu ganga biyu suka zauna a ɗakin gaba, kowa da layinsa. Algaita ita kaɗai ya tura gefen hagu na kaset, gangunan ya tura dama, don in an gama ya daidaita su yadda yake so. Ya sa wa kowa kas, wato lasifikar kunne, ya gwada, sauti ya dawo tas ta layi na huɗu.

Sai ga Baffa Usmanu.

Baffa Usmanu ƙanen mahaifinsa ne, ɗan kasuwa daga Damagaram mai kantuna a babbar kasuwa. Ɗakin nasa ne, mikisar ma shi ya sayo, kuma bai taɓa bari a manta ba. Ya shigo da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce ya ji labarin Ba Ajimi, kuma ai ba a yin irin wannan busa babu mai gaida jama'a. Shi zai yi. A kawo makirfo.

Lurwanu ya rusuna ya yi bayani. Ya ce layukan sun ƙare. Ya ce in an gama za a ɗauki muryar Baffa dabam a ɗora, ba wanda zai gane. Baffa ya leƙa mikisar, ya ƙirga da yatsa mai zobe.

"Wannan na ƙarshen fa, na wa ne?"

"Na saurare ne, Baffa. Da shi nake jin abin da ya shiga."

"Kunnenka biyu ba su ishe ka saurare ba? Cire."

Masu ganga suka sunkuyar da kai. Ya Gana tana zaune a kan tabarma, ta dubi Lurwanu, ta dubi ƙofar da mahaifinta ke bayanta yana jira cikin zafi. A gidansu Lurwanu ba a musu da baffa a gaban baƙi, ko da baffan ya ce rana daga yamma take fitowa. Zuciyarsa ta tafasa. Ya zura hannu bayan rakoda ba tare da ya duba ba, ya fizge waya da ƙarfin da ya so ya fizge wani abu dabam, ya soka makirfon Baffa a layi na huɗu, ya tura shi dama tare da ganguna. Kas ɗinsa ya mayar jikin mikisa. Yanzu abin da ke shigowa yake ji, ba abin da ke zama a kaset ba.

Abin da ke shigowa kuwa, Allah ya sani, bai taɓa jin irinsa ba. Tsohon ya fara can ƙasa, kamar mai kiran wani daga tsallaken kogi, sannan ya hau, ya hau, bai yanke numfashi ba. Gashin jikin Lurwanu ya tashi. A kan wannan busa ce Baffa ya buɗe maƙogwaro. Ya gaida 'yan kasuwar Damagaram mazauna Diffa ɗaya bayan ɗaya. Ya gaida direbobin da ke kai masa tattasai Najeriya. Ya faɗi inda kantunansa suke, da abin da ke cikinsu, har da bokitin roba. Lurwanu ya cije leɓe yana lallashin kansa cewa ba komai, algaita tana hagu ita kaɗai, zai iya share Baffa daga baya.

Da aka gama, Ba Ajimi ya fito jiƙe da gumi. Ya zare ɗan karan da ke bakin algaitar, ya murƙushe shi tsakanin yatsu, ya ce alhamdu lillahi. Baffa ya kwashe kowa zuwa cin abinci.

Lurwanu ya mayar da kaset baya, ya kunna. Dama ta cika da ganga da Baffa. Hagu shiru.

Ya leƙa bayan rakoda. Wayoyi biyu ya fizgo ashe, ba ɗaya ba. Ta biyun, wadda ke kai algaita cikin kaset, tana lilo a jikin bango. Da layi na huɗu yana wurinsa, da ya ji shirun tun kafin tsohon ya gama jan numfashin farko.

Ya samu Ba Ajimi a tasha, an riga an ɗora shi gaban motar Geskeru. Ya durƙusa a ƙasa ya gaya masa komai, ya roƙe shi sau ɗaya kawai, ko rabin abin. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya dafa kansa, ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Yaro, da Allah na yi alkawari, ba da kaset ba."

Da Lurwanu ya koma, Baffa yana ɗakin yana sauraron kansa, fuska a washe. Ya ce aiki ya yi kyau, murya ta fita sarai, a buga masa kofe-kofen kaset ɗin don kantuna. Lurwanu ya tsaya a kansa, kalmomi sun cika masa baki, masu zafi, waɗanda ya daɗe yana tarawa. Ko ɗaya ba ta fito ba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya ce to, Baffa.

Ya Gana ba ta bi motar ba. Bayan la'asar ta dawo karɓar kaset ɗinta. Bai ɓoye mata ba. Ba ta zage shi ba, shi kuwa ya so ta zage shi. Ta ce dai ya kunna.

Suka zauna suna jin jerin kantuna. Can wajen tsakiya, turaren Baffa ya shaƙe shi, ya yi tari, ya kau da kai yana neman ruwa. A ɗan wannan tsakanin, ta ƙarƙashin ganguna, ta cikin katifa da ƙofa, ta makirfon Baffa kansa, wata siririyar busa ta leƙo, can nesa, tana hawa. Sai Baffa ya gyara murya ya ci gaba da gaida direbobi.

Ya Gana ta matso kusa da lasifika har mayafinta ya taɓa shi.

"Malam Lurwanu," ta ce, "mayar mini wurin da ya yi tari."

Ya mayar. Ta sake cewa ya mayar.