Rariyar da Manasseh Ya Ɗaure da Siminti

Bangon gabas na masana'antar ya dare tun daga taga har ƙasa. Kwanon rufi yana kaɗawa, daɓe yana rawa a ƙarƙashin ƙafa, bokitan robar da aka jibge a lungu suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya.

"Kashe shi, Manasseh," in ji Alhaji Muhammadu Lawal, mai masana'antar, yana dafe da hularsa. "Kashe shi kafin ya binne mu."

Manasseh bakanike ya daka tsalle ya ja makunni. Sabon injin ya yi wani irin gunji, ya yi tari, ya tsaya. Aka bar mutane da ƙarar janareto a waje da tsabar roba fara fat da ta watsu ko'ina kamar an kifar da buhun shinkafa.

Zamanin ne da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, noman gyaɗa kuma ya durƙushe. Alhaji ya mai da tsohon sitonsa na gyaɗa da ke bakin Kazaure wurin ƙera buta da bokiti. Abin da ke damunsa ɗaya ne: tsabar robar da ake narkawa a gauraye take zuwa, manya da ƙanana da gari. Manyan su toshe injin narkarwa, garin ya ƙone, buta ta fito da huji a gindi. Sai ya ɗauki mata suna tankaɗe ta da rariya, amma abin da suka tankaɗe a wuni injin narkarwa kafin azahar ya lashe shi. Shi ya sa ya yi odar injin tankaɗe daga waje. Aka kawo shi daga Ikko cikin wani ƙaton akwatin katako, ba injiniya, ba mai bayani.

Ba a yi shawarar wanda zai dasa shi ba, don kowa ya san Manasseh. Mutumin Zonkwa ne, tun kafin a sami 'yanci yake Kazaure. Duk injin niƙan da ke Babura da Gwiwa da Roni, har Kanya Babba, hannunsa ne. In ya gama dasa inji sai ya ɗora kofin ruwa a kansa, ya tayar. Ɗigo ɗaya bai taɓa zuba masa ba. Da wannan kofin ya gina gida, da shi ya sa 'yarsa Juliana a makarantar horon malamai.

Da aka fasa akwatin sai ya ga wani abu zagayayye kamar ganga, hawa uku, kowane hawa da ragar ƙarfe a ciki. Yana zaune ne a kan sifirin guda huɗu masu kauri, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, in ka taɓa shi da yatsa sai ya yi ta rangaji. Manasseh ya yi dariya, ya ce Turawa da wayo, sun sa masa wannan ne don kada hanya ta karya shi. Ya kwance su, ya ɗaure injin a kan ƙarfe, ya zuba masa siminti, kamar yadda ake yi wa kowane inji na kirki.

Ga sakamakon nan a bango.

Alhaji ya zura hannunsa cikin tsagar, hannun ya shige har wuya. Bai ɗaga murya ba, shi ne ma ya fi tayar wa Manasseh da hankali.

"Na ba ka zuwa gobe da yamma. In bai yi ba zan aika Kano a kawo wani. Ka kuma san direbobina, magana ba ta kwana a bakinsu. Kafin sati Babura ta ji."

"Ranka ya daɗe, zai yi."

"Haka ka ce jiya."

Aka aika a kira mata su koma bakin aikinsu. Manasseh ya fita ya zauna a inuwar darbejiya, ya rasa inda zai kama. Ya auna daidaiton ƙasa, ya ƙara noti, ya ƙara ƙarfe, kuma duk lokacin da ya ƙara ɗauri abin sai ya ƙara hauka. Wane irin inji ne wannan?

Dela, shugabar masu tankaɗe, ta baza tabarma kusa da shi. Dattijuwa ce mai baki, ta san shi tun yana saurayi.

"Baban Juliana, an ce dodonka zai raba mu da aiki, sai ga shi ya raba bango."

"Iya, ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Na bar ka. Amma tun da yanzu ba ka da sana'a, ungo, fara koyon tamu."

Ta miƙa masa rariya cike da tsaba. Matan suka ƙyalƙyale. Don kada ya zama mara wasa ya karɓa, ya damƙe ta da hannu biyu, ya shiga jijjiga. Kafaɗunsa suna rawa, kansa yana rawa, tsabar kuwa tana zaune abinta.

"Ku dubi ikon Allah," in ji Dela. "An ce ya tankaɗe roba, yana tankaɗe kansa. Saki hannun mana. Ita za ta girgiza, ba kai ba."

Ya sassauta yatsunsa. Rariyar ta yi wasa a hannunsa, ƙananan tsaba suka fara zuba shar-shar.

Manasseh ya tsaya cak. Ya dubi rariyar, ya waiga ya dubi tsagar bango. Ashe ba inji aka aiko ba, rariya aka aiko. Sifirin ɗin nan su ne wuyan hannunta. Shi kuwa ya yanke mata hannu ya ɗaure ta da ƙasa, ta rasa abin girgizawa sai gini.

Sai kuma ya tuna. Sifirin ɗin ba sa nan. Tun ranar da ya kwance su ya ba abokinsa Sama'ilu, maƙerin Roni, wanda ya ce irin wannan ƙarfen ba abin da ya fi shi yin wuƙa.

Ya ajiye rariyar, ko sallama bai yi ba, ya haye Hondarsa.

Hanyar Roni ba ta ɗaukar gudu, amma ranar ta ɗauka. Duwatsu suna wucewa dama da hagu, ya tsallake kwazazzabo, ya ratsa garken shanu, makiyayin yana ɗaga masa sanda. Abu ɗaya yake maimaitawa a ransa: ƙarfen sifirin in ya sha wuta ya mutu, ko ya huce ba ya ƙara tashi.

Tun daga nesa ya ji numfashin zugazugi. Ya jefar da babur a ƙofar maƙera, taya tana juyawa. Uku suna jingine a lungu. Na huɗun yana bakin awartaki, Sama'ilu yana shirin tura shi cikin garwashi, gefensa ɗaya har ya fara shan hayaƙi.

Manasseh ya kai hannu tsirara ya fizge shi. Zafin ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa, amma bai saki ba sai da ya kai shi ƙasa.

Sama'ilu ya saki baki. "Kai, lafiyarka? Kyautar ce ka biyo da gudu haka?"

"Aro zan yi."

"Aron abin da ka bayar. Mutanen Zonkwa, Allah Ya shirye ku. Na riga na karɓi aikin wuƙaƙen mahauta a kansu."

"Zan kawo maka na mota, na Bedford, mai faɗi."

"Guda biyu."

"Uku ma."

Maƙerin ya duba ƙarfen, ya goge hayaƙin da gefen rigarsa, ya taka shi da ƙafa ya saki. Ya miƙe tsaf. "Bai ji wuta ba. Kai ne ka ji. Kawo hannun nan a sa masa man shanu."

Washegari tun da safe aka ji guduma a masana'anta. Manasseh, hannu a naɗe da tsumma, yana fasa simintin da shi da kansa ya zuba. Ba abin da ya taɓa yi masa nauyi kamar wannan. Duk bugu ɗaya ji yake kamar yana rushe abin da ya koya tun yana yaron mota. Aka ɗaga injin da sarƙa, ya mai da sifirin ɗaya bayan ɗaya, aka sauke. Abin ya koma rangajinsa.

"Haka za ka bar shi?" in ji Alhaji. "Wannan ai ko akuya ta goge shi ya faɗi."

"Haka yake so, ranka ya daɗe."

Labari ya bazu, bayan la'asar ƙofa ta cika. Manasseh ya ɗauko tsohon kofinsa na silba, ya cika shi da ruwa har baki. Mutane suna jira ya ɗora a kan inji kamar kullum, sai ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa, dab da ƙafar injin. Ya ja makunni.

Wasu sun riga sun juya za su gudu. Ba abin da ya biyo su. Wani sauti ne kawai ya tashi, siriri, kamar na ƙudan zuma a kogon kuka. Gangar ta yi rawa a kan sifirin, ta daidaita, sannan rawar ta yi sauri har ido ya daina kama ta. Gefunanta suka zama kamar hayaƙi.

Aka juye buhu ta sama. Tsabar ta zuba a kan raga, ta miƙe tsaye. Ba tsalle take yi ba, ba kwanciya ba, shawagi take, dubbai a kan dubbai, ba hannun da ke taɓa ta. Ta fara kewayawa daga tsakiya zuwa gefe, sahu-sahu, kamar akwai wanda ke kiran kowace ƙwaya da sunanta. Manya suka bi bakin sama. Matsakaita suka nutse, suka fito ta bakin tsakiya, kansu ɗaya kamar ƙwan kifi. Gari ya sulale ta ƙasa. Buhu guda ya ƙare kafin mai ɗauko na biyu ya iso.

Dela ta matso a hankali, ta tara hannu a bakin tsakiya, ta baza tsabar a tafinta tana neman babba ko ɗaya. Ta daɗe tana nema.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Wa ya gaya mata?"

Alhaji kuwa ƙasa yake kallo. Ruwan kofin yana nan cike har baki, lumui, hoton kwanon rufi a kwance a cikinsa. Ya ɗauka ya shanye, ya miƙa wa Manasseh kofin da hannu biyu.

"A gaya wa direbobi," ya ce, "wannan su kai Babura."

Manasseh yana share ido da tsumman hannunsa ke nan wata farar Fijo ta tsaya a ƙofa, jikinta duk jar ƙasar doguwar tafiya. Wani dogon mutum cikin kwat ya fito, bai gai da kowa ba. Ya ratsa taron, ya durƙusa a gindin injin, ya goge ƙaramin allon ƙarfen da ke jikinsa, ya karanta lambar. Sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Tun daga tashar jirgin ruwa nake bin akwatin nan," ya ce da Hausar da ba ta nan ba. "An yi musayar kaya a Ikko. Wannan injin yana da mai shi, kuma babbar motarsa tana bayana. Wane ne ya buɗe shi?"

Idanu duka suka juya kan Manasseh.