Ruwan Sha'irin Mai Agogo

"Maman Biyu, tsaya! Me kike zubarwa haka?"

Na makara. Ta riga ta tuntsurar da tukunyar a gindin lemon da ke jikin katangarmu, wani ruwa mai kauri yana bin ƙasa. Na shigo ne duba mijinta, Mai Agogo, da aka sallamo daga asibiti shekaranjiya da ciwon zuciya, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama.

"Ruwan sha'irinsa ne, Yaya. Kin san Malam da yauƙi, ko a miya ba ya ci. Sai in tace, in ɗauraye, in ba shi tsabar."

"Tun yaushe?"

"Tun da likita ya ce kitse ya yi yawa a jininsa. Shekara huɗu ke nan."

Ni dai bakina ba shi da linzami. Shekara ashirin na yi ina girki a kicin ɗin asibiti, kuma jami'ar abinci ta sha ja mana kunne cewa yauƙin nan na sha'ir shi ne abin nema. Beta-gulukan take kiransa. Ta ce yakan yi kauri a hanji, ya taimaka wajen rage kitsen jini. Kafin in yi tunani sai na ji bakina yana cewa:

"Kai, baiwar Allah! Ashe lemo ke shan magani, mijinki yana cin ƙaiƙayi!"

Da wasa na faɗa, amma ba ta yi dariya ba. Ta dubi lemon, ganyensa kore shar, 'ya'ya sun rinjayi rassa. Ta dubi tagar ɗakin da yake kwance. Murfin tukunyar ya suɓuce daga hannunta.

Magana zarar bunu ce. Daga ranar Maman Biyu ba ta ƙara samun sukuni ba. Sau uku take ɗora tukunya a yini, tana dafa sha'irin kirtif, tana bin mutumin da cokali. Shi kuwa ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Na bi ta kicin, na bi ta wajen shanya, ina neman mayar da abin da na zare.

"Taimako kawai yake yi, ba ya warkar da zuciya. Kuma ai da saura a cikin tsabar. Likita ma ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya."

"Yaya, daina lallashina. Da hannuna na zubar da kwanansa."

"Kwana na hannun Allah."

"Na sani. Amma tukunya a hannuna take."

Wallahi na tsani harshena. Na ga mutuwa iri-iri a asibiti, kuma na san tasa ta kusa. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne matar nan za ta rayu da wannan dutse a ƙirji, kuma ni na ɗora mata.

A rana ta huɗu da hantsi ta kira ni in riƙe mata kansa. Yana zaune an tokare shi da filo uku, don in ya kwanta numfashi guduwa yake. Teburin aikinsa na nan gindin taga, agogunan mutane a jere, kowanne da nasa lokacin.

"Malam, cokali ɗaya. Don girman Allah, ɗaya kawai."

Ya kawar da kai. Ta sake kai cokalin, abin ya zube a rigarsa. Sai ta durƙusa ta kama ƙafarsa mai kumburi.

"Ka yafe min. Na ga kana yamutsa fuska ran farko, na ce bari in sauƙaƙa maka. Ban sani ba. Ni na kashe ka."

Ya daɗe yana tara numfashi. Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna teburin.

"Ƙaramar durowa... ƙarƙashin batura."

Ni na buɗe. Takarda ce an ninke ta ƙanana, ta yi baƙi da man agogo. Rubutun likita ne, na shekara huɗu da suka wuce. Na karanta a fili: a dafa sha'ir, a sha har da ruwansa, kada a tace.

Maman Biyu ta ɗago kai.

"Ka sani?"

"Kullum... ta tagar nan nake kallonki," ya ce. "In kin zubar... in ce alhamdu lillahi."

"Shekara huɗu?"

"Lemon ma... ya fi zaƙi."

Dariya ya so yi, tari ya ƙwace ta. Ita kuwa ta miƙe, fuska a jiƙe, ta ɗaga cokalin kamar za ta ƙwala masa.

"Mugu! Tsohon banza mai wayon yara! Ka bar ni ina..."

Ta kifa kanta a kafaɗarsa tana kuka tana dukan filo. Ya bari ta lafa, sannan ya buɗe baki da kansa. Cokali ɗaya ya sha. Ya runtse ido, ya yamutsa fuska kamar yaron da aka ɗura wa maɗaci.

"Har yanzu... ba daɗi," ya ce.

Bayan kwana biyu da safe ya cika, tagwayensu na hanya ba su iso ba. Hannunsa na cikin nata.

Bayan baƙi sun watse, wata safiya na ji ƙamshin sha'ir ta kan katanga. Na shiga na same ta zaune a kujerar aikinsa, ta fito da ita tsakar gida, tukunya a gabanta da cokali biyu. Na zauna muka sha tare. Ƙasar gindin lemon ta bushe har ta tsattsage.

Da muka kusa gamawa ta ɗebi ludayi ɗaya, ta tashi.

"Shi ma ya saba," ta ce.

Ta zuba a gindin lemon. Ruwan ya tsaya a saman ƙasa yana ƙyalli, ya daɗe kafin ya shige.