Alamar Idirisa Mai Taya

Laifin Idirisa ɗaya ne: ba ya tsayawa a gama gaya masa magana. Kana cikin faɗa masa zai ce ya gane. Wannan halin ne ya ci shi a Maraɗi.

Tela ne daga Tawa, mai son kokawa kamar ransa. Ya rufe shago ya zo musamman don karon da za a yi a Tsibiri bayan la'asar. Ya sauka a unguwar Zariya, gidan abokinsa Lawali, wanda ya yi alkawarin kai shi da mota.

Da hantsi ya ce zai zaga ya ga gari. Wayarsa na jone da wuta a ɗaki, ya bar ta nan.

"Tsaya in gaya maka sunan da aka san gidan nan da shi," in ji Lawali. "Nan ba a neman gida da sunan titi, sai da..."

"Haba Lawali! Ni da na sha yawo a Yamai? Ga alama ta ishe ni."

Ya nuna wata babbar mota shuɗiya da ke ƙofar gidan, ana ɗora mata buhuna. Ya fice.

Ya ga kasuwa, ya taɓa yadi, ya raina ɗinkin telolin garin, ya ci tsire. Da aka kira azahar ya juyo. Titunan unguwar Zariya kuwa duk kama ɗaya: katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, bishiyar dogon yaro, mai sayar da isansi, wato fetur, a kwalabe a kowace kwana. Motar shuɗiya babu ita. Ya shiga nan, ya ɓullo can, ya sake dawowa gaban mai shayin da ya wuce ɗazu. Sai da ƙafa ta fara zafi sannan ya tare ɗan kabu-kabu.

"Kai ni gidan Lawali."

"Wane Lawali, Alhaji?"

"Ɗan kasuwa."

Mai babur ya yi dariya. "Ni ma Lawali nike. Kuma garin nan wa ba ɗan kasuwa ba? Gidan wa ake ce mashi?"

Idirisa ya ji haushin dariyar. Maimakon ya ce ya ɓata, sai ya ce, "Ka san motar nan shuɗiya mai ɗaukar buhuna? Kai ni inda take, kada ka cika ni da surutu."

"Na san ta sarai. Hau."

Suka bar gari. Gidaje suka ƙare, gonakin rani suka fara. Idirisa ya ga hanyar ba ta yi kama da ta safe ba, amma bai tsayar da mai babur ba don kada a ce bai sani ba. Ba su tsaya ba sai Jiratawa, inda motar take tsaye ana loda mata albasa.

"Ga ta nan," in ji mai babur. "Abin da ka ce shi na yi."

Direban motar ya saurari labarin yana sakace haƙori. "Da sahe? Ƙofar Hajiya Tsahara mai aya muka yi lodi. Da haka ka ce, ko makaho ya kai ka."

Jiratawa tana kudu da Maraɗi, Tsibiri kuwa sai an ratsa garin an fita ta wancan gefen. Kafin su isa gidan Hajiya Tsahara, wadda ashe mahaifiyar Lawali ce, rana ta yi ja. Lawali yana zaune a ƙofa, shi ma bai je kokawar ba, ya yini yana zagayen tasha da asibiti yana nemansa. Bai yi faɗa ba. Ya miƙa masa buta kawai.

Ga abin da Idirisa ya rasa. Kokawar da ya rufe shago dominta, a bakin maƙwabta ya ji yadda ta ƙare. Ƙafarsa ta dama ta yi bororo, ya koma Tawa yana ɗingishi. Lawali kuwa ya raka shi tasha da safe, ya yi masa addu'ar sauka lafiya, amma bai ce ya sake zuwa ba.